Mamacin Ya Samu Sauƙi

A shekarar da aka buɗe makarantun firamare a kowane lungu, aka ɗebo irinmu masu guntun Turanci aka ce mu ne malamai, a shekarar ne wata Baturiya ta zo Wudil neman kabarin ubanta. Kuɗin fetur ya sauka a ƙasa, wanda jiya yake kan jaki yau yana kan babur, har mai shayin tasha ya sayi rediyo mai cin kaset. Ni Barakatu, rabona a cikin arzikin bai wuce alli da ciwon maƙogwaro ba. Ina cikin aji ranar Talata aka aiko wai mai unguwarmu Malam Wali yana nemana, an yi baƙuwa mace, kuma ba a ga dacewar haɗa ta da tafinta namiji ba.

Na same ta a zauren mai unguwa, doguwa, rana ta ƙona mata hanci, ta rungume wata jakar fata kamar za a ƙwace. Sunanta Hilda Thorley. Malam Wali ya tambaye ta gajiya, ya tambaye ta hanya, da mutanen gida, da mutanen Ingila gaba ɗaya, ita kuwa ta amsa duka da kalma guda ta zazzage jakar a kan tabarma.

Takardun soja ne. Ta ce ta daɗe tana bin su, daga wani ɗakin ajiya a ƙasarsu zuwa wani a Kaduna, tana shan ƙura tana roƙon akawuna. Ubanta Saje Albert Thorley ya bar ta tana jaririya lokacin yaƙin Bama. Takarda ɗaya ta ce ya shiga soja. Wata ta ce an sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Wata ta ce an turo shi Wudil sayen shanun da sojoji za su ci. Wata mai jan hatimi ta ce jirgin fito ya kife da shi a koginmu da damina, an tsinci hularsa da takalmi ƙafa ɗaya, ya mutu a bakin aiki. Ta ƙarshe ta ce an aiko da dutsen kabari, wani mai suna Haladu ya sa hannu ya karɓa.

Uwarta ta rasu bara, ba ta sake aure ba. Yanzu ba ta da kowa. Abin da ya kawo ta kawai shi ne ta tsaya a kan kabarin ta ce masa baba ko sau ɗaya ne a rayuwarta, ranar Juma'a kuma mota za ta mayar da ita Kano ta hau jirgi.

Tun kafin in gama fassara zauren ya yi tsit, domin babu wanda bai san mamacin ba. Gidansa ne ma yake kallon zauren. Da safen nan na wuce shi a ƙofar gida yana alwala a kan dutsen kabarin nan.

Malam Haladu Ja muke ce masa. Kogin bai ci shi ba. Fulanin Utai ne suka tsamo shi can ƙasa, riƙe da wutsiyar wata karsana, suka yi jinyarsa da nono da saiwoyi har kaka. Da ya miƙe ya tafi birni da ƙafarsa, ya shiga wani ofishin soja ya ce ga shi. Akawun ya buɗe fayil ya duba, ya dube shi, ya sake duba fayil, ya ce ya yi haƙuri, ya riga ya mutu. In yana son a tashe shi sai da sa hannun kwamandansa, kwamandan kuwa yana Bama. Ya kuma ja masa kunne cewa mai rai ya zo yana iƙirarin shi mamaci ne laifi ne babba a soja. Ya yi ta rubuta wa matarsa wasiƙu, suna dawowa da hatimin cewa mai aikowa ya rasu. Ranar da dutsen ya iso a motar soja aka rasa mai iya karanta takardar karɓa duk garin sai shi, don haka shi ya sa hannu da sabon sunansa, direban ya sara masa ya tafi.

Daga nan ya daina wahalar da kansa. Shekaru suka tura, kunyar komawa ta shige shi. Ya musulunta, ya auri Yelwa 'yar Ardon da ya tsamo shi, ya zama dillali a kara, inda ake cinikin shanu. Turancinsa ya yi tsatsa, kunyar Fulani kuwa ya ɗauke ta har ya fi masu ita. Ba ya cin abinci a gaban suruki, ba ya dariya da ƙarfi, ko ƙaya ta soke shi ba ya cewa wayyo. Wuri ɗaya aka taɓa kama shi da sakaci. Da Yelwa ta haifi Labaran, sai ga shi yana kiran yaron da sunansa, yana saɓa shi a kafaɗa a tsakiyar kasuwa. Dattawa suka kira shi suka tuna masa cewa uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya kallonsa a gaban mutane, ba ya yi masa magana kai tsaye. Ya ce ya sani, ai ba shi ne na fari ba.

To ga ta farin a zaune a kan tabarma tana jiran a nuna mata kabari. Na buɗe baki zan gaya mata, Malam Wali ya daka mini tsawa.

"Ke Malama, kina da hankali kuwa? Ko mutuwa ai ba a faɗarta gatsau. Sai a ce jiki ya yi tsanani, sai a ce a zo a duba shi, sai mutum ya iso ya ga tabarmi da kansa. Wannan kuwa mutuwa ce ta yi baya da baya, dole a bi ta a hankali daga ƙarshe zuwa farko. Ki ce mata yana nan da ransa, zuciyarta ta buga a zaurena, wa zai amsa tambayar hukuma? Ke?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar Juma'a fa za ta tafi."

Ya ce, "Shi ya sa za mu fara yau. Ki yi mata ta'aziyya."

Haka aka yi. Unguwa ta fito kaf, maza suna shigowa suna cewa Allah ya jiƙansa, mata suna aiko da tuwo da ƙosai. Har waɗanda suka yi sallar azahar sahu ɗaya da mamacin sun zo sun yi gaisuwa da fuskar jimami. Hilda ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa ganin mutanen kirki irinmu ba. Shi kuwa Malam Haladu da aka aika aka gaya masa wadda ta zo, sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya shige garke a bayan gida ya ƙi fitowa. Dattawa suka ji, suka gyaɗa kai suka ce madalla, ɗan halas ke nan.

Washegari Malam Wali ya gyara zama ya ce, "Gaya mata an duba mamacin, jikin da sauƙi."

Na gaya mata. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa malamar da aka ɗauka aiki da gaggawa, ta ce ta gane, ana kula da kabarin ke nan, ta gode. Da la'asar aka ƙara mata da cewa mamacin ya ɗan sha kunu. Wannan karon ta ciro alƙalami ta rubuta, ta tambaye ni ko duk mamata muke ba kunu ko sai manyan mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara biyu na yi ina koyon Turanci da bulala, ga shi an sa ni ina zubar da mutuncin garinmu da shi.

Ranar Alhamis aka ce lokacin ganin dutse ya yi. Muka tsallaka hanya, rabin unguwa na biye da mu. Dutsen yana kwance a ƙofar gida, ruwan alwala ya cinye rabin rubutun, buta a gefe ɗaya, a ɗaya gefen Yelwa ta shanya barkono. Hilda ta durƙusa ta shafa sunan da yatsa. Ta fito da wasu busassun furanni da ta ce daga lambun uwarta ta tsinko, ta ɗora kusa da barkonon. Ta yi ƙoƙarin faɗin kalmar da ta zo faɗa, kuka ya hana ta. Da ta samu murya sai ta tambaya me ya sa aka binne shi a bakin ƙofa, kuma ina Haladun da ya karɓi dutsen, tana so ta yi masa godiya.

Malam Wali ya yi gyaran murya ya ce, "Yauwa, an zo wajen. Ce mata mamacin ya tashi zaune, har yana tambayar su waye a ƙofa. Gobe in Allah ya kai mu sai ya fara takawa."

A nan haƙurina ya ƙare. Na kama hannunta na ce mata da Turanci, ubanki bai mutu ba, shi ne Haladu, yana bayan katangar nan. Zuciyarta ba ta buga ba. Ta miƙe tsaye, ta ture mai unguwa gefe ta shige gidan ko sallama babu, ni kuma na bi ta a guje.

Yana tsaye a garke jikin wani turke, tsoho mai doron wuya ja, cikin riga mai ruwan ƙasa da malafa a kan rawani. Jin takunmu ya juya mana baya. Ta zagaya ta gabansa, ya zagaya. Ta koma ta hagu, ya bi ta dama. Suka yi ta kewaya turken nan, ita tana leƙe shi yana kaucewa, maruƙa sun tsaya suna kallo. Mutanen unguwa kuwa sun ɗare katanga, sai yaba shi suke yi.

"Kai, wannan ya iya!"

"Wallahi ko Ardo bai kai shi ba!"

Ita duk a ganinta dariya ake yi mata. Ta tsaya tana haki. Shi ma ya tsaya, fuskarsa a jikin zana, ya ce, "Malama, a tambayi baƙuwa ko an ba ta ruwa."

Na fassara. Ta ce, "Ba na son ruwa. Ce masa ya dube ni. Ce masa ya faɗi sunana."

Na gaya masa. Ya ce, "Malama, ki ce ba a yi."

Na yi iyakar ƙoƙarina. Na ce mata a wajenmu wanda aka fi ji a rai shi ake kau da kai daga gare shi, kuma juya bayan nan shaida ce a gaban kowa cewa ita ce ta fari. Ta ce uwarta ta tsufa a bakin taga tana jiran mutumin nan. Ta ce ita ta ƙetare teku don ta gai da dutse, dutsen ma ya fi shi, don ya tsaya ta taɓa shi. Ta ɗaga murya ta ce in dai ita 'yarsa ce ya faɗi sunanta, in ba haka ba gobe ta tafi, kuma za ta bar takardun yadda suke. Na san ya ji, Turancinsa bai mutu har haka ba. Amma bai waiwayo ba, ta juya ta fita.

Na tsaya na ce, "Haba Baba! Kai fa Bature ne. Wa zai kama ka da laifi in ka dubi 'yarka?"

Ya ce, "Bature ya mutu, Malama, har da hatimi. Fita ƙofar gida ki karanta." Sannan ya ƙara da cewa, "Mutanen da suka tsamo ni abu ɗaya suka koya mini na girmama ɗa. Shi kaɗai ya rage mini da zan ba ta."

Na fito ina jin haushinsa, da na mai unguwa, da na akawun da ban taɓa gani ba. Tausayinsa kuma ya hana ni cin abinci ranar.

Juma'a ranar kasuwa ce, hanya ta cika maƙil da manyan motoci da 'yan babur. Hilda ta shiga bayan wata sabuwar fijo da jakarta a cinya, ta roƙe ni in raka ta zuwa gada. Ba ta ko kalli gidan ba da muka wuce. Malam Wali ya biyo motar yana cewa a gaya mata saura kaɗan, yau mamacin zai fara fita waje, ni kuwa na ƙi fassarawa.

Muna hawa gada direba ya taka birki. Shanu ne farare suka cika ta daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ba gaba ba baya, Labaran yana bayansu da sanda ya tare hanya. Motoci suka yi layi, aka shiga danna oda ana zage-zage. Sai ga Inna Yelwa ta ratso tsakanin ƙahonni, ta ƙwanƙwasa gilashin motar.

"Malama, ce wa 'yarmu ta fito ta karɓi kayanta. Mun gaji da kiwo."

Muka fito. Yelwa ta riƙe ƙugu ta yi bayani, ina fassarawa da ihu saboda oda. Karsanar da ya riƙe wa wutsiya a kogi ita ce uwarsu duka. Tun yana kwance Ardo ya ba shi ita, ya gaya masa cewa uba yakan ba ɗan fari karsana, duk abin da ta haifa na yaron ne. Shi kuwa ya ce to wannan ta yarinyar da ke ƙetare ce. Tun daga ranar ba a sayar da ko ɗaya ba, ba a yanka ko ɗaya ba. Duk Wudil shanun waccan ake ce musu, har mu da muka taso muka ji ana faɗa ba mu taɓa tambayar wace ce waccan ɗin ba.

"Shekarar farin nan da ta wuce," in ji Yelwa, "nasa ya sayar, ya sayar da keke, ya cire kwanon rufin ɗakina ya sayar ya sayo musu dusa. Muna shan kunu ba tsami ba zaƙi, su suna taunawa. Ni da na cika masa gida da 'ya'ya ban ga haka ba. Ki gaya mata duka, kar ki rage."

Hilda ta dubi shanun, ta dube ni, ta ce jirgi ba ya ɗaukar shanu. Yelwa ta ce wannan kuma matsalar jirgi ce.

Sai a lokacin muka gan shi. Yana tsaye a jikin ƙarfen gada cikin shanun, ya ba mu baya, yana kallon ruwan da aka ce ya cinye shi. Ya dafa wuyan wata tsohuwar saniya, ya yi mata magana da ƙarfi yadda za mu ji.

"Ki gaya wa mai ke, tafiyar uwarta ta ɗauko. Har ɗage kafaɗar hagun."

Na fassara. Hilda ta ce ƙarya ne, yaushe ya gan ta, mutumin da ko sau ɗaya bai ɗago kai ba? Yelwa ta tuntsire da dariya har tana dafa ni.

"Yo tun ranar Talata yake manne a zanar ƙofar gida, ya huda ta da yatsa. Ko kara bai leƙa ba. Ta fito yana gani, ta shiga yana gani. Dubi idonsa na dama in kin samu hanya, duk tsinken zana ne."

Na mayar wa Hilda da wannan. Jakar ta sulale daga hannunta ta faɗi a kan kwalta, bakinta ya buɗe. Can ta tambaye ni, a hankali, ita 'yar farin me take yi in ubanta ya yi mata haka. Na ce ita ma kau da kai take yi, ba ta tsayawa gabansa, ba ta ƙure shi da ido.

Sai ta juya masa baya. Ta fara takawa da baya da baya cikin shanun, tana laluben hanya da hannu, suna matsa mata, har bayanta ya taɓa nasa. Suka tsaya haka, shi yana kallon kogi, ita tana kallon layin motoci. Masu oda ma suka sassauta, don ba su taɓa ganin irin wannan ba. Ta buɗe baki ta ce, "Baba," da Hausa, yadda ta ji yaran gari suna kiran ubanninsu, ba tare da ta waiwaya ba.

Bai amsa ba, ai ba a amsawa. Gyaran murya ya yi, kafaɗunsa suna girgiza. Ya cire malafarsa, ya miƙa hannu ta baya yana lalube har ya ɗora mata a ka a karkace, ya ce wa kogin, "Rana tana dukan mutane."

Na matso zan fassara, ta ɗaga mini hannu ta ce in bari. Direban fijo ya leƙo ya tambaya ko za a tafi ne ko ba za a tafi ba, Yelwa ta ce ya sauke kaya ya nemi wasu fasinjojin. A ƙasa kuwa wata karsana ta tura baki cikin jakar, ta jawo takardar nan mai jan hatimi ta fara taunawa, kuma duk cikinmu babu wanda ya kore ta.